Munduwar Iya da Wadda Na Saya

Lokacin da aka zo rabon gadon kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Iya, a gidanmu na Kwarbai cikin birnin Zariya, hankalin kowa yana kan 'yan kunne da sarƙar zinariyar da ta zo da su daga Makka. Babu wanda ya waiwayi wata baƙar munduwa guda ɗaya da aka tarar a ƙasan adudunta, ƙunshe cikin tsumman saƙi tare da tandun kwalli da waɗansu duwatsun wuya da zarensu ya tsinke. Aka yi mata ƙima 'yar kaɗan, ta faɗa cikin rabon mahaifina, shi kuwa ya miƙo mini ita a wurin, domin ya san tun ina ƙarama nake jan ta a hannun Iya, ita kuma tana ture ni tana cewa, "Ke kishiya, sakar mini hannu, miji kin ƙwace, munduwar ma sai kin haɗa da ita?"

Daga wannan munduwa na fara tara tsofaffin kayan ado, yau fiye da shekara ashirin ke nan. Abin da na tara bai cika akwati ɗaya ba: mundaye da awarwaro, zobba, 'yan kunne, talhatana, murjani, tsakiya, da ƙarau na Bida. A cikin shekarun nan an cuce ni, ni ma na cuci kaina da gaggawa, kuma abin da na koya da kuɗina shi ne baƙin da ke jikin ƙarfe da labarin da ke bakin mai sayarwa su ne mafi raunin shaidu a kan tsufan kaya. Shaidar da nake dogara da ita ita ce cin da jikin mutum ya yi wa abin, wato inda fata da zare da aikin gida suka goge shi a hankali cikin shekaru.

Wadda ta fara koya mini wannan karatu wata dillaliya ce da ke shiga gidaje da ƙunshin atamfofi da kwanuka. Ta ji labarin ina neman tsofaffin kaya, sai ga ta wata rana da la'asar da munduwa baƙa ƙirin, ƙirarta kusan ɗaya da ta Iya: jiki murɗaɗɗe, bakuna biyu kowane da ƙululu mai kusurwoyi da aka bubbuga wa 'yan da'irori. Ta rage murya ta ce daga wani babban gida ta fito, matsi ne ya sa za a rabu da ita, kuma tun kafin zuwan Turawa take gidan. Iya ta sha gaya mini cewa mundayen biyu ne ta gada daga mahaifiyarta, saboda haka zuciyata ta riga ta saya tun kafin a faɗi kuɗi, kuma ban ja ciniki da nisa ba.

Bayan kwana biyu na ɗauke su duka na kai wa wani dattijon maƙerin fari a cikin birni, wanda mahaifinsa ya yi wa matan gidanmu ƙira. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga 'yar'uwar munduwar Iya na samo." Bai ce uffan ba. Ya ɗora ɗaya a tafin dama ɗaya a na hagu yana jinjina su, ya rataya kowace a yatsa ya ƙwanƙwasa ta da ɗan ƙarfe yana saurare, sannan ya rufe ido ya zura babban yatsansa yana shafa cikinsu. Daga ƙarshe ya murza wadda na saya da gefen rigarsa, ya nuna mini baƙin da ya fito a jikin yadin, ya kai ta hancinsa. "Malama," in ji shi, "wannan ba ta taɓa kwana a hannun mace ba, man takalmi ne da hayaƙi. Ta tsohuwa kuwa ta yi daka ta yi niƙa, ki shafa nan ki ji."

Na shafa na ji. A munduwar Iya, murɗin waje ya kwanta ta gefe ɗaya har ya yi sumul, daidai inda take gugar 'yar'uwarta in ana daka, alhali a ɗaya gefen yana nan da tudunsa. Cikinta, inda take zama a kan fata, ya yi santsi da wani haske mai laushi wanda ba ya ɗaukar ido. Kusurwoyin ƙululun sun dakushe, da'irorin da ke sama sun kusa shafewa, na lungu kuwa suna nan raɗau, cike da wata dauɗa mai tauri, baƙi-baƙi shuɗi-shuɗi, wadda dattijon ya ce shunin zannuwan da ne. A tawa kuwa baƙin ya rufe ko'ina daidai wa daida, tudu da kwari, kusurwoyinta suna da kaifi har suna kama zaren mayafi, a cikinta kuma ga sawun magagari nan a jere, babu abin da ya taɓa shafe su.

Tun daga ranar, duk abin da aka kawo mini, tambayar da nake fara yi wa kaina ita ce: in an sa wannan abu a jiki, ina ne zai riƙa gugar wani abu? Zobe yana sirancewa ta ɓangaren tafin hannu, inda ake riƙe taɓarya da igiyar guga, fuskarsa kuwa takan daɗe da kaurinta. Abin wuya mai rataya, zare yana cin saman kunnensa har ya yi masa kwarmi, kuma sau da yawa za a ga an kai shi maƙera an yi masa sabon kunne da liƙin da launinsa ya bambanta. Irin wannan gyara yana ƙara mini yarda da abu, domin ba a kai wa maƙeri gyaran abin da ba a sawa. Masu yin jabu sun san ana duba gogewa, saboda haka suna bi da samfefa, amma samfefa tana cin inda hannun mai gugar ya fi kaiwa cikin sauƙi, tana kuma barin 'yan layuka masu bin hanya ɗaya, waɗanda gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo yake nunawa nan take. Ƙarce-ƙarcen shekaru ba su da alƙibla, sun hau juna ta ko'ina.

Dattijon ya gane ƙarfen tun daga jinjinawa, domin ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai hannun da ya shekara hamsin a maƙera daban yake da nawa. Ni sai da na nemi ɗan sikelin nan na masu sayar da zinariya, wanda yake auna har kashi ɗaya cikin goma na giram. Ana auna abin a bushe a rubuta. Sannan a ɗora kofin ruwa a kan sikelin a mayar da shi sifiri, a ɗaure abin da siririn zare a nutsar da shi gaba ɗaya ba tare da ya taɓa ƙasan kofin ko gefensa ba, a rubuta abin da sikelin ya nuna. In an raba adadin farko da na biyu, abin da ya fito shi ne nauyin ƙarfen gwargwadon girmansa. Azurfa zalla tana ba da kusan 10.5, jan ƙarfe 8.9, tagulla wajen 8.5, sanholo kuwa 2.7 kacal. Munduwar Iya ta auna giram 112, a ruwa 11.1, wato kusan 10.1, azurfa ce mai ɗan gaurayen jan ƙarfe kamar yadda aka saba. Tawa ta auna 87, a ruwa 10.1, wato 8.6. Farin ƙarfen nan ne da ake haɗawa da jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda 'yan kasuwa suke kira azurfar Jamus alhali babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Wannan awo ba ya aiki a kan abin da cikinsa rami ne ko wanda aka dasa wa dutse, kuma dalma, da yake ta fi azurfa nauyi, tana iya ruɗar da shi in an cusa ta a ciki. Maganaɗisun da mutane suke yawo da shi a kasuwa kuwa, in ya kama abu to ba azurfa ba ce, amma rashin kamawarsa ba ya tabbatar da komai, tunda tagulla da sanholo ma ba ya kama su.

Sanin ƙarfe yana kai mutum ga tambayar inda maƙeranmu suka samo shi, amsar kuwa a mafi yawan lokuta ita ce kuɗi suke narkarwa. Babba a cikinsu ita ce dala, ƙatuwar azurfar nan mai hoton wata mace mai ƙiba a fuska ɗaya da mikiya mai kai biyu a ɗaya fuskar, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ta hamada. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar daular Ostiriya, wadda ta yi mulki daga 1740 har rasuwarta a 1780. Nauyin dalar giram 28 ne da 'yar ɗoriya, kashi 833 cikin 1000 nata azurfa ne, kuma da yake 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu ita suka amince da ita, sai aka ci gaba da buga ta bayan mutuwar sarauniyar ba tare da an canza shekarar ba. An buga ta a Viyana, a ƙarni na 20 an buga ta a Landan da Faris da Rum da Bombai, har yau kuma ana buga ta, kowace da 1780 a jikinta.

Na tsaya a kan wannan ne domin shi ne tarkon da ya fi kama masu ilimi. Na taɓa zama a wani gida a Samaru inda matar gidan, malama ce babba, ta fito mini da sarƙa mai dala uku tana cewa shekararta ta haura 240, ga shaida nan a rubuce. Ba ƙarya ta shirya ba, abin da ta karanta ta faɗa. Da na juya dalolin sai na ga adon da ke kafaɗar sarauniyar, wanda yake cikin abin da ke fara shafewa, yana nan da 'yan ƙwayoyinsa ana iya ƙirga su, kunnuwan da aka liƙa musu ba su da ko alamar cin zare, sarƙar kuma kowace gaɓa daidai take da 'yar'uwarta kamar yadda inji kaɗai yake iya yi. Azurfar ta gaske ce, amma aikin bai girmi mai shi ba. Ban gaya mata duka a ranar ba, domin tsarabar surukarta ce. Akwai kuma dalar zubi, wadda ake ganewa ta rubutun da ke kewaye da bakinta: a ta gaske haruffan sun fito ɓaro-ɓaro, a ta zubi kuwa sun cakuɗe ko babu su sam.

Kuɗin Turawan mulki sun fi dala faɗin gaskiya. An kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, a 1913 kuma aka fito da sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwar manja, na azurfa, tare da sisi da taro. A 1920 aka daina yin su da azurfa aka koma wani haɗi mai ruwan rawaya. Saboda haka zoben da aka yi wa fuska da farin sule ba zai girmi shekarar da ke jikin sulen ba, ko da yake yana iya zama ƙaninta da nisa, domin kuɗi yana iya shekara talatin a tukunya kafin ya isa maƙera. Haka nan sanholo bai shiga hannun jama'a ba sai a ƙarni na 20, har ma aninin farko da aka buga wa ƙasar nan a 1907 da shi aka yi. Duk wanda ya miƙo mini awarwaro marar nauyi kamar kara ya ce na zamanin Shehu ne, na san inda maganarsa ta tsaya. Wannan bai sa na raina kayan sanholo ba. Ina da 'yan kunnen Fulani na sanholo da suka sha man shanu da rana har gefensu ya yi laushi, kuma sun fi mini waccan munduwar ta dillaliya daraja nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa tsohuwar azurfa ta gaske take wuyar samu shi ne azurfa a wurin iyayenmu ajiya ce, ajiya kuwa ana taɓa ta. In aure ya taso ko yayi ya sauya, sai a kwashi na uwa a kai maƙera a narkar a ƙera wa 'ya. Da na ba gwaggona labarin yadda aka cuce ni wajen neman 'yar'uwar munduwar Iya, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce, "Ai da kin tambaye ni, 'yar nan. Ɗayar ita aka narkar aka yi mini awarwaro shida da za a kai ni ɗaki, su ma na sayar da su shekarar da aka bar fam aka koma naira." Shekarar 1973 take nufi. Na zubar da kuɗina wajen neman abin da aka narkar tun kafin a haife ni, ga mai amsar ina zuwa gaishe ta kowace Juma'a.

Maƙeran fari na ƙasar Hausa ba su da al'adar buga lambar tsarkin ƙarfe a jikin aikinsu, saboda haka in na ga 925 a cikin zobe ana ce mini tsohuwar ƙirar gida ce, lambar da aka nuna mini don in yarda ita ce take sa in mayar. Jabun da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda aka zuba daga tsohon abu na gaske: a danna tsohuwar munduwa a yashin zubi, a zubo goma irinta, kowace ta fito da gogewar ta asalin da lotsawarta. Sai an kawo gilashi za a ga wurin da ya kamata ya yi santsi yana da 'yan ƙuraje da ƙananan ramuka, adon da aka buga da ƙarfe ya yi dishi-dishi maimakon kaifin bugu, wani lokaci kuma ga siririn layi a gefe inda mazubin ya haɗu. Zubi shi kansa tsohuwar sana'a ce, da kakin zuma maƙeran Buzaye suke zuba abin wuyan nan na Agadas, amma su kowane da kakinsa, kuma bayan zubi suna bi da magagari su zana adon da hannu. In mai kaya ya fito da biyu masu lotsawa a wuri ɗaya, to ciniki ya ƙare.

Duwatsun wuya wani fage ne mai faɗi, a nan kuma na fi jin daɗin aikin, domin zare ɗaya yana iya haɗa ƙasashe huɗu. Talhatana, jan dutsen nan mai zobe a sama da tsini a ƙasa kamar kan mashi, ta isa misali. Tsofaffin sun fito daga Kambay a yankin Gujarat na Indiya, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana sassaƙa irin wannan dutse da hannu, shi ya sa da wuya a sami biyu masu kama ɗaya. A ƙarni na 19 masu sassaƙa na garin Idar-Oberstein a Jamus suka shiga kasuwar da dutsen da suke kawowa daga Barazil, suna rina shi, suna fitar da shi da kaifin gefe da sheƙi iri ɗaya. Masu gilashi na Bohemiya, a Jamhuriyar Cek ta yau, su ma suka riƙa zubo kwaikwayonsa a mazubi, daga baya roba ta zo ta rufe sahu. Duka huɗun an sa su a wuya a garin nan. Dutse yana da sanyi in an ɗora shi a kunci kuma yana jinkirin ɗaukar ɗumi, bakin wuƙa ba ya ƙarzar sa, shi kuwa yana ƙarzar kwalba. Gilashi in an ɗaga shi a rana akan ga 'yan kumfa a cikinsa da layin mazubi a gefe. Dogayen duwatsun Indiya na da kuwa daga ɓangare biyu aka huda su, sau da yawa hudar ba ta haɗu daidai a ciki ba, har allura takan yi tuntuɓe in an zura ta.

Murjani shi aka fi yi wa jabu, domin shi ne mai tsada tun asali. Na gaske daga tekun Bahar Rum yake, ya biyo ayarin Tarabulus da Gadamas zuwa Kano kafin ya iso mu. In an duba shi da gilashi ana ganin siraran layuka suna bin tsawonsa kamar jijiyar itace, jansa kuma ba ɗaya ba ne daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Wanda aka rina, auduga da ɗan ruwan goge jan farce tana tona asirinsa. Cikin duwatsun da aka tarar a adudun Iya, guda tara ne suke kama da murjani, biyar na gaske, huɗu gilashi, amma duka taran bakin hudarsu ya faɗaɗa ya karkace ta inda zare yake ja, gefensu kuma ya lotsa inda kowace take jingine da maƙwabciyarta. Tare suka tsufa a zare ɗaya. Gwaggo ta ce kowa ya san da haka a lokacin, ciko ake yi don abin wuya ya kai tsawo kafin Allah ya hore a musanya, saboda haka ban raba su ba.

Tambayar da baƙi suka fi yi mini ita ce ta ƙabila: wannan na Hausawa ne, ko na Fulani, ko na Buzaye? Masu sayar da kayan gargajiya suna son wannan tambaya, domin sun lura sunan Buzaye ya fi tsada a kunnen Bature, har munduwar da aka ƙera a bayan kasuwar birni takan wayi gari ta Agadas. Ni kuwa sai in tambaya ko mai ƙirar ake nufi, ko mai sawar, ko ƙasar da ƙarfen ya fito. Bafulatanar da ke kawo nono birni tana iya ba maƙeri Bahaushe dalar Ostiriya ya ƙera mata abin hannu yadda danginta suke so, ta haɗa shi da ƙarau na Masaga, unguwar masu narka gilashi a Bida, da lantana, jan dutsen da fataken Hausawa suke kai wa masu huda duwatsu na Ilori. Zariya a kan hanya take tsakanin Kano da ƙasar Nufe tun kafin jirgin ƙasa ya ratsa ta ya isa Kano a 1911, bayan haka kuwa Sabon Gari ya cika da kantuna masu kayan Turai. Abin da ido yake iya rantsewa a kai shi ne salon aiki: zanen Buzaye siraran layuka ne da kusurwoyi da aka ƙarta a kan shimfiɗaɗɗiyar azurfa, ƙarau na Bida kuma ba ya yin zagaye cif, wani gefen ya fi wani kauri saboda da hannu aka buɗa shi yana da zafi. A littafina, inda aka ƙera abu da wadda ta sa shi kowane da layinsa.

Akwai kuma doka, wadda masu sha'awa da yawa ba su san da ita ba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana fitar da shi ƙasar waje sai da takardar izini, ta kuma taƙaita waɗanda za su yi cinikinsa. Abin da aka tono daga ƙasa ko kufai ba na karɓa ko kyauta ne, haka ma laya da kambun da ke ɗinke, domin ba zan farke abin da wani malami ya rufe wa wata baiwar Allah don kawai in san shekarunsa ba.

Inda muka daɗe muna saɓani da gwaggo shi ne wanki. A wurinta baƙar azurfa ƙazanta ce, macen kirki tana goge kayanta da toka da lemon tsami ko ruwan tsamiya har su ɗauki ido, kuma da gaskiyarta, domin haka masu kayan suka riƙa yi, wani ɓangare na santsin da nake yabo ma tokar ce ta yi shi. A wurina kuwa dauɗar da ke cikin lungun ado ita ce takardar shaidar abin, in an kankare ta an jefar da rabin labarinsa. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsumma mai laushi kawai nake yarda da su, murjani kuwa ko kusa da lemon tsami ba ya zuwa, domin tsami yana cin sa.

Bara da aka tashi bikin 'yar ƙanena, gwaggo ta aiko a kira ni. Ta ce munduwar uwarta ba ta akwati ba ce, amarya za ta sa ta ranar buɗar kai, kuma ba za a kai tattaɓa-kunnen Iya gidan miji da baƙin ƙarfe a hannu ba. Na ce, "Gwaggo, a sa mata, amma don Allah kada a kai ta ga toka." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da aka ba ajiya, har kin fi masu abu sanin abinsu?" Muka yi ta ja har aka tsaya a kan ni zan wanke ta da hannuna a gabanta. Na zauna a tabarmarta da kwanon ruwan ɗumi, na goge tudun murɗin da cikin munduwar har suka yi haske, na bar lungunan yadda suke, ita kuma tana leƙe tana tsaki tana cewa aikin rabi da rabi. Da amarya ta zo, hannunta ya fi na Iya kauri, sai da aka shafa mata man kaɗanya aka bi ta siririn gefen wuyan hannu kafin ta shiga, domin ban yarda a buɗa bakinta ba, tsohuwar azurfa tana iya tsagewa in an tanƙwara ta.

Bayan kwana bakwai aka dawo mini da ita ƙunshe a hankici, tana ƙanshin humra. Na sa gilashi na duba ta kamar yadda nake yi wa duk abin da ya fita ya dawo. Babu tsaga, nauyinta yana nan giram 112, sai dai a cikin da'irori biyu na ƙululu ɗaya, a kan tsohon shunin nan, akwai lalle da ya maƙale ya bushe. Na ɗauko littafin na buɗe shafinta, a ƙarƙashin sunan mahaifiyar Iya da na Iya na rubuta sunan amaryar da ranar, sannan na mayar da ita cikin tsumman saƙinta ban goge lallen ba.